Darasi na 14: Haɗa Filash Mai Tayar da Kwamfuta

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ke riƙe da ragamar sauran manhajoji duka. Ita ke nuna muku abin da ke kan allo, ita ke buɗe fayil ta kuma adana shi, ita ke kai saƙo wajen firinta. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Akwai kuma Linux da dangoginta, da macOS ta kamfanin Apple. Ranar da babbar manhaja ta lalace, ko ma'adanar cikin kwamfutar ta mutu aka sa sabuwa fil, za ku kunna ku ga ta tsaya cak a baƙin allo da ɗan rubutu a sama. Ba yadda za a yi a gyara ta daga ciki, tunda cikin ne ya samu matsala. Sai an kawo mata wani abu daga waje da za ta tashi a kansa.

A da faifai ake sa mata. Faifan CD yana ɗaukar megabait 700, DVD na gama-gari kuwa gigabait 4.7. Yau kwamfutocin hannu da yawa ba a ma yi musu gurbin faifai, ga shi kuma Windows 11 ta fi ƙarfin DVD na gama-gari. Shi ya sa aikin ya koma kan filash. Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa gyara kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya ga yadda ake yi: mai gyara ya zaro ɗan filash daga zoben makullansa, rubutun jikinsa duk ya goge don yawan shan hannu, ya soka a gefen kwamfutar, ya kunna, ya dinga ƙwanƙwasa maɓalli guda da sauri har wani jerin sunaye ya bayyana. Wannan filash ɗin za mu koyi haɗawa.

Danne-dannen da ke cikin aikin ba su da yawa. Inda ake buƙatar natsuwa shi ne kafin a danna: a tabbatar da fayil ɗin da aka sauke, a tabbatar da filash ɗin da za a rubuta wa, a kuma san irin kwamfutar da za a tayar.

Abin da kwamfuta ke nema idan an kunna ta

Kafin Windows ta farka, akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke riga ta tashi. Ba a ma'adanar ciki take ba. Tana cikin wani ɗan guntu da aka manna a jikin babban allon kayan kwamfutar tun daga masana'anta, don haka ko an cire ma'adanar tana nan daram. Aikinta shi ne ta duba lafiyar kayan ciki, sannan ta nemo babbar manhaja ta miƙa mata ragama. Tsohuwarta ita ake kira BIOS. Sabuwar kuwa UEFI, ita ce a cikin kusan duk kwamfutar da aka ƙera daga wajajen 2012, shekarar da Windows 8 ta fito.

Kowaccensu da inda take leƙawa. BIOS farkon ma'adana take zuwa, ta karanta bait 512 na farko. In ta tarar da umarnin tayarwa a nan sai ta bi shi, in babu ta wuce gaba. UEFI kuwa wani fayil take nema mai suna BOOTX64.EFI, a cikin foldar BOOT da ke cikin foldar EFI, galibi a sashen da aka tsara da FAT32. Tsarin raba ma'adana shi ma iri biyu ne. Akwai MBR, wanda ake amfani da shi tun 1983 kuma ba ya iya kula da abin da ya wuce terabait 2. Shi ne abokin tafiyar BIOS. Akwai GPT, abokin tafiyar UEFI. Ku haddace su biyu-biyu: BIOS da MBR, UEFI da GPT. Sau da yawa in filash ɗin da aka haɗa ya ƙi tashi, wajen wannan haɗin aka yi kuskure.

Fayil ɗin ISO

Babbar manhaja tana zuwa ne a fayil guda mai nauyi, wanda sunansa ke ƙarewa da .iso. Faifai ne sukutum aka dunƙule a cikinsa: da fayilolin, da yadda aka jera su, da umarnin tayarwa.

Abin da sabon shiga ya fi yi shi ne ya sauke wannan fayil, ya ja shi da linzami ya jefa cikin filash, yadda yake yi wa hotuna ko karatun malamai. Kwamfutar ba za ta tashi ba. Kamar manomi ne ya dire ƙullin iri a tsakiyar gona bai kwance ba, ya koma gida yana jiran tsiro. BIOS za ta duba farkon filash ɗin ta ga babu umarni. UEFI za ta nemi fayil ɗinta ta rasa, alhali yana nan, a ƙulle yake cikin ISO. Dole sai da wata manhaja da za ta kwance shi, ta tsara filash ɗin, ta sa kowane abu a gurbinsa.

Sai batun inda za a samo ISO ɗin, kuma a nan nake so mu daɗe.

A ranar 20 ga Fabrairu 2016 masu kutse suka shiga shafin intanet na Linux Mint, ɗaya daga cikin sanannun nau'o'in Linux. Suka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen ISO na Linux Mint 17.3, wanda suka dasa wa ɓoyayyiyar hanyar sarrafa kwamfutar mutum daga nesa. Jagoran aikin, Clément Lefebvre, ya fito ya sanar da jama'a, ya wallafa lambobin tantancewa na ainihin fayilolin, domin duk wanda ya sauke a ranar ya gwada ya gani ko nasa na gaskiya ne. To, in haka ta iya faruwa a shafin masu abin, ina ga ISO ɗin da aka karɓo daga ma'adanar wani, shi ma ya karɓo daga wani, ba wanda ya san mafarinsa? Akwai Windows da ke yawo a hannun mutane wadda ake cewa an rage mata nauyi, ko an riga an buɗe mata lasisi. Wani ne ya shiga cikinta ya taɓa, kuma ba ku san me ya cire ba, ba ku san me ya ƙara ba. A kan wannan manhajar ce za ku buɗe asusun banki da imel da takardun ofis. Ni dai ban yarda a ɗora wa kowa ita ba, ko da kyauta ce.

Ba ma dole a bi ta nan ba. Microsoft tana barin kowa ya sauke ISO na Windows daga shafinta ba ko sisi. Lasisin ne na kuɗi. Kwamfutocin da suka zo da Windows 8 ko sama daga masana'anta, galibi lambar lasisinsu tana ajiye a cikin UEFI, kuma in aka ɗora irin Windows ɗin da ta dace da lambar, da kanta take ganowa. Ubuntu da Linux Mint kuwa, dukansu dangin Linux, kyauta suke gaba ɗaya.

Nauyin fayilolin ne zai ci muku data. Windows 11 ta haura gigabait 5, Ubuntu 24.04 ta kusa 6, Linux Mint kimanin 3. Ku nemi wurin da intanet ba ya yankewa, ko ku yi amfani da garaɓasar dare da kamfanonin waya ke yi. Aji guda ma zai iya haɗa kuɗi a sauke sau ɗaya, a tantance, a raba wa kowa.

Tantancewar ga yadda take. Masu manhaja suna wallafa wata lamba mai suna SHA-256 a shafinsu, jerin haruffa da alƙaluma guda 64, wadda aka lissafo daga abin da ke cikin fayil ɗin. In ko bait ɗaya ya canza, lambar gaba ɗaya sai ta canza. A Windows ku buɗe Command Prompt a foldar da fayil ɗin yake, ku rubuta:

certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256

A Linux kuwa sha256sum ake rubutawa, sai sunan fayil ɗin. Ku jira kaɗan lambar ta fito, ku gwada ta da ta shafin masu manhajar. In sun yi daidai, fayil ɗinku cikakke ne. In sun saɓa, ku goge shi ku sake saukewa. A wuraren da sabis ke tafiya yana dawowa, sau da yawa saukewa kan yanke ba a sani ba, sai an kai rabin ɗora Windows a kwamfutar da aka riga aka goge, a ga ta tsaya tana cewa wani fayil ya ɓata. Dubawar minti 2 take hana wannan.

Filash ɗin kansa

Mafi ƙaranci gigabait 8, shi ne abin da Microsoft ta gindaya. In da hali ku sayi mai 16. Duk abin da ke cikinsa zai goge, don haka ku fara kwashe kayanku zuwa wani wuri, ku buɗe su a can ku ga sun kwafu.

Ku kuma yi hattara da jabu. Akwai filash da za a rubuta 64GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai kai rubu'in haka ba. An shirya shi ne ya yi ƙarya game da girmansa. Zai karɓi duk abin da aka zuba masa ba gardama, sai an zo karantawa a tarar da mafi yawansa ya lalace. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw a Windows, ko f3 a Linux, takan cika filash da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi ainihin girmansa. Sabon filash ya cancanci wannan gwaji kafin a ba shi amana. In kwamfutarku tana da ƙofar USB mai shuɗin ciki, ita ce USB 3.0, ta fi tsohuwar USB 2.0 sauri nesa ba kusa ba matuƙar filash ɗin ma na 3.0 ne.

Aiki da Rufus

Rufus ƙaramar manhaja ce ta kyauta da Pete Batard ya fitar a 2011, a kan Windows take aiki. Daga rufus.ie ake sauke ta, kuma ba ta buƙatar girkawa, buɗe ta kawai za ku yi. Ita na zaɓa wa wannan darasi domin tana nuna wa mai koyo abin da take yi a fili.

Kafin ku buɗe ta, ku cire duk wani filash ko katin ajiya da ke jikin kwamfutar, ku bar wanda za a rubuta wa shi kaɗai. Ku tabbatar akwai caji sosai a kwamfutar hannu. In ta tebur ce kuma ba ta da batirin ko-ta-kwana, kada ku fara a lokacin da kuka san ana yawan ɗauke wuta, ko ana shirin sauyawa zuwa janareta.

A saman tagar Rufus akwai gurbi mai suna Device. Ku karanta suna da girman abin da ke ciki, ku tabbatar filash ɗinku ne. Sai ku danna SELECT ku zaɓo ISO ɗin. Kusa da nan akwai ɗan maɓalli mai alamar maki, wanda in kun danna zai lissafo muku SHA-256 ba sai kun rubuta umarni ba.

A ƙasa akwai Partition scheme, inda za ku zaɓi GPT ko MBR. A nan ku tuna: zaɓin ya dogara ne da kwamfutar da za a tayar, ba wadda kuke aiki a kanta yanzu ba. In waccan tana iya tashi, ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta msinfo32, ku nemi layin BIOS Mode. In ya ce UEFI, GPT za ku zaɓa. In ya ce Legacy, MBR. In ba ta tashi, ku shiga saitin BIOS ɗinta ku duba. Windows 11 dai UEFI take buƙata, don haka GPT ne nata.

Gurbin File system ku bar shi yadda Rufus ta sa. Dalili kuwa, FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, kuma a cikin ISO na Windows akwai fayil mai suna install.wim wanda yakan wuce haka. Rufus ta san wannan, sai ta tsara filash ɗin da NTFS, ta ƙara wani ɗan sashe a gefe da zai taimaki UEFI ta karanta. In ISO na Linux ne, za ta iya tambayar ku ko ta rubuta a ISO Image mode ko a DD Image mode. Ku fara da na farkon. In bai tashi ba, ku sake da na biyun.

Sai START. Gargaɗi zai fito cewa duk abin da ke cikin na'urar zai hallaka, da sunanta a rubuce. Kada ku danna OK don sabo. Ku karanta sunan, ku dubi filash ɗin da ke soke, sannan ku amince. Layin ƙasa zai riƙa cika da kore har ya rubuta READY. Ku rufe Rufus, ku cire filash ɗin ta alamar cirewa da ke kusa da agogo.

Wani lokaci bayan an rubuta Linux, Windows kan kasa karanta filash ɗin, ta ce a yi masa fomatin. Ku ƙi. Lafiyarsa lau, tsarinsa ne ba ta sani ba.

Tayar da kwamfutar

Ku kashe ta gaba ɗaya, ku soka filash, ku kunna, nan take ku fara danna maɓallin da ke buɗe jerin wuraren tayarwa. A HP F9 ne, ko Esc sannan F9. A Dell da Lenovo da Acer da Toshiba galibi F12. A Asus Esc ko F8. A kwamfutocin Apple masu injin Intel, maɓallin Option ake dannewa a riƙe. Lokacin da ake da shi ɗan kaɗan ne, daga bayyanar tambarin kamfani zuwa ɓacewarsa; in ya wuce, ku kashe ku sake. Daga jerin ku zaɓi sunan filash ɗinku. In ya fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa, ku ɗauki wanda ya dace da tsarin da kuka zaɓa a Rufus.

In sunan bai fito ba, ku sauya ƙofar USB tukuna, sau da yawa ita ce matsalar. In bai yi ba, ku duba ko kun haɗa GPT da kwamfuta mai BIOS. Akwai kuma Secure Boot, tsaron da ke hana UEFI tayar da manhajar da ba ta da sa hannun da aka amince da shi. Windows da Ubuntu suna wucewa ta cikinsa, wasu kuwa sai an kashe shi daga saiti. Amma kafin ku taɓa wannan saitin a kwamfutar da aka kulle ma'adanarta da BitLocker, ku nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48 daga asusun Microsoft na mai ita, ku rubuta a takarda. Canza saitin kan sa Windows ta nemi lambar, kuma in babu ita ba mai iya buɗe fayilolin.

Filash ɗin Linux yana da wani amfani da nake so kowa ya sani. Idan Ubuntu ta tashi, takan ba ku zaɓi: ku ɗora ta, ko ku gwada ta kawai. Linux Mint ma kai tsaye a gwaji take buɗewa. A wannan yanayi daga filash take gudana, ba ta taɓa ma'adanar ciki. Ke nan in Windows ta ƙi tashi alhali ma'adanar ba ta mutu ba, za ku iya shiga ta Linux, ku buɗe foldojinku, ku kwashe takardun makaranta, da lissafin shago, da hotunan iyali zuwa wata ma'adanar, sannan a yi fomatin. Mutane da yawa sun yi asarar kayan shekaru domin an gaya musu ba mafita sai gogewa, alhali da an fara da wannan da an tsira da su.

Sauran hanyoyi

Microsoft tana da tata, Media Creation Tool, wadda ke saukewa ta rubuta a zama ɗaya. Windows kaɗai take yi. BalenaEtcher tana aiki a Windows da macOS da Linux, matakai 3 ne kacal, ta dace da ISO na Linux amma ba ta dace da na Windows ba. Ventoy, wadda ta fito a 2020, ta bambanta da su duka: sau ɗaya ake girka ta a filash, daga nan sai a riƙa jefa fayilolin ISO a ciki yadda suke, ita ce za ta jera su a allo a zaɓa. A nan kaɗai kwafewa zalla ke aiki, domin Ventoy ta riga ta shirya gurbin tayarwa. Ga mai son ya mai da gyara sana'a, filash mai gigabait 32 ko 64 da Ventoy ya fi masa yawo da filash 5.

Masu Linux suna da umarnin dd. Yana rubuta ISO kai tsaye a kan duk ma'adanar da aka ambata masa, ba tambaya ba gargaɗi. Wanda ya rubuta sda a maimakon sdb zai iya shafe ma'adanar kwamfutarsa. Sai an duba sunayen da lsblk kafin a taɓa shi, kuma ban ba mai koyo shawarar ya fara da shi ba.

Wace manhaja za a ɗora?

Microsoft ta daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana buƙatar RAM gigabait 4, ma'adana gigabait 64, da guntun tsaro TPM 2.0, kuma ba kowane inji take karɓa ba. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke hannun mutanenmu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Rufus tana ba da damar a tsallake wasu daga ciki, sai dai Microsoft ta faɗa cewa ba ta yi wa irin wannan kwamfuta alkawarin sabuntawa ba. A ganina, wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da shiga intanet, gara ya gwada Linux Mint daga filash ya gani. RAM gigabait 2 da ma'adana gigabait 20 sun ishe ta tashi, ko da yake da 4 ta fi sakewa. Wanda kuwa aikinsa ya rataya a kan manhajar da sai a Windows take gudana, ya tsaya a Windows ta asali.

Aikin aji

1. Wani ya kwafe ISO na Windows cikin filash, kwamfutarsa ta ƙi tashi da shi. Ku bayyana masa dalili da bakinku.
2. Ku buɗe msinfo32 a kwamfutar da ke gabanku, ku rubuta abin da BIOS Mode ya nuna da tsarin da za ku zaɓa mata a Rufus.
3. Ku lissafo SHA-256 na ISO ɗin da malami zai ba ku, ku gwada da wanda ke shafin masu manhajar.
4. Biyu-biyu, ku haɗa filash na Linux Mint, ku tayar da kwamfuta da shi, ku buɗe folda guda daga ma'adanar ciki. Kada kowa ya danna alamar ɗorawa.

A darasi na gaba za mu ɗora babbar manhajar a kan ma'adana. Kowa ya zo da filash ɗin da ya haɗa da hannunsa. Wanda zai kawo kwamfutarsa ta gida, ya kwashe kayansa daga cikinta tun kafin ya fito.